Zuwa Ga Yaya Lawali, Wanda Ya Tafi Da Sunan Bello

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda Allah Ya haɗa ku zama. Ina gajiya, ina ɗawainiya, yaya iyali in akwai su? Mu a nan Talata Mafara lafiya lau, sai godiyar Allah. Ni ce Balki, ƙanwarka mai bi maka. Na rubuta a fili inda kowa zai gani ne don ban san ƙofar da zan aika ta ba. Masu karantawa su yi mini haƙuri, maganar gida ce ta fito waje.

Shekaranjiya da hantsi ina tsintar shinkafa a tsakar gida, rediyo na kunne, sai aka sa wani shiri a kan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yaran ƙasar nan, 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Wasu maza ne suka zauna suna ta jimami. Wai darajar ƙasa ta zube. Wai a da mu ne ke ɗauko kofin duniya na yara har sauran ƙasashe suka gaji da ganinmu, yanzu kuwa zuwa gasar ma sai da ƙyar. Ɗayansu ya riƙa jero shekarun nasara da wata murya kamar mai karanta addu'a. Na kashe rediyon, na ture faifan, na ce yau kam sai na yi maka magana ko da ba za ka ji ba.

Kana da shekara takwas ina da shida lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya hau kan tsohuwar unguwarmu a Maradun. Ya ci fadamar Baba, ya ci rijiyarmu, ya ci maƙabarta. A cikin maƙabartar akwai ƙanenmu Bello, wanda ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara uku, kafin zuwan ruwan da kaɗan. Ka tuna yadda Inna take zuwa bakin ruwa ta tsaya tana kallon kan wata tsamiya da ta rage a waje? Ta ce daga gindinta in ka fuskanci gabas, nan yake kwance. Da shekara ta zagayo ita ma tsamiyar ta ruɓe ta nutse, Inna ta daina zuwa.

An kwashe mu zuwa wani tudu mai tsakuwa wanda ko gero sai ya yi da gaske yake fitowa. Baba ya ci gaba da koyar da karatu a sabon zaure, amma rumbu bai ƙara cika ba. Abu ɗaya da aikin dam ya bar muku ku yara shi ne filin da masu aikin suka daddale don ajiye manyan motocinsu. Da suka kwashe motocin, ku kuka gaje shi. Da ƙwallon tsumma kuka fara, sai daga baya wani Bature cikin ma'aikatan ya jefa muku ta fata ranar da zai tafi.

Ni ban san ƙwallo ba, har yau ban san ta ba. Amma na san yadda fili yake yin tsit in ta zo ƙafarka ta hagu. Na san mutanen Faru suna tahowa a ƙasa don su gan ka, kuma ranar da kuka je wasa Damri har masu kayan miya sun bar tirensu. Baba ba ya son abin, sai dai bai hana ka ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "In ka biya karatunka, ƙafarka taka ce."

Shekarar da yaran ƙasar nan suka fara ɗauko kofin duniya, kana da sha biyar cif. Kun je Mafara kun kalla a talabijin ɗin gidajen ma'aikatan noman rani, kuna leƙe ta taga. Ka dawo kana ta haki, ka same ni ina wanke-wanke, ka ce, "Balki, sa'o'ina ne fa! Yara ne awa ni!" Ban taɓa ganin fuskarka da haske irin na ranar ba. Ka gaskata su da zuciya ɗaya.

Ba a daɗe ba aka ce za a tace yara a Sakkwato, waɗanda suka tsallake a tura su gaba. Malamin wasanni na makarantarku ya tafi da kai. Da ka dawo ba ka ce wa kowa komai ba, sai da muka je ɗibar ruwa a bakin kwata sannan ka ba ni labari, kana jifan ruwa da tsakuwa.

Ka ce a layin 'yan sha biyar ka ga Ɗan'ige. Ɗan'ige direban tifa, wanda ya yi aikin jigilar ƙasa lokacin haƙa hanyoyin ruwa, wanda ni da Inna muka je sunan ɗiyarsa har muka ci tuwo. Ka ce ya sa gajeren wando, ya aske gemu ƙwal, da rana ta yi kuma ya ɓuya bayan ɗakin wanka ya sake bi da reza. Da ya gan ka sai ya ɗora yatsa a baki. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ka ce rabin layin in da a masallaci ne su za a tura gaba su ja salla.

Ka ci ƙwallo a gabansu duk da haka, ka bi ta tsakanin ƙafafun ƙatti ka zura. Amma da yamma mutumin da ke zaɓe, wanda kowa ke kira Koci, ya ɗauki Ɗan'ige ya bar ka. Ya dafa kafaɗarka yana dariya ya ce, "Yaro, kana da ƙafa, amma ka yi ƙanƙanta. Je ka ci tuwo. In ka kai ashirin ka dawo, lokacin ka isa ɗan sha biyar."

Yaya, shekaru sun wuce talatin da yawa, kuma ba na iya tuna wannan magana ba tare da tsigar jikina ta tashi ba. Babban mutum mai furfura ya dubi yaron da ya zo da shekarunsa na gaskiya ya gaya masa cewa gaskiyar ce aibinsa. Kai kuma ba ka yi kuka ba, ba ka zage shi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan ko a lokacin. Ka riƙe maganar kamar alkawari.

Ka ci tuwon kuwa. Ka gama makaranta, ka shiga aikin shinkafa a gonakin noman rani, ƙafarka cikin taɓo tun safe, da la'asar kana fili. Ƙirjinka ya buɗe, muryarka ta yi kauri. Kofin duniya kuma kowa maganarsa yake, yara na sa wa kansu sunayen 'yan wasa, ana ta faɗa a rediyo cewa babu ƙasar da ta kai mu yara masu baiwa.

Kana da ashirin Koci ya zo. Bai manta ba. Ya tsayar da mota a ƙofar gida bayan la'asar, ya shiga zaure ya durƙusa ya gai da Baba da doguwar gaisuwa irin ta mutumin kirki. Ni na kai musu fura a sabuwar ƙwarya, na koma bayan ƙyaure na tsaya. Inna ma tana nan tsaye kusa da ni, da ludayi a hannunta. Kai kana zaune daga gefe, kanka a ƙasa.

Ya sha furar ya yaba. Sannan ya ce lokacinka ya yi, sansanin 'yan wasan ƙasa yake son ya kai ka, a Ikko. Sai dai akwai 'yar matsala. Sunan Lawali an riga an san shi a Sakkwato tun wancan zuwan, mutum ba ya yin sha biyar sau biyu da suna ɗaya. Ya gyara zama ya ce, "Malam, na ji an ce kun taɓa samun wani yaro da Allah Ya yi wa rasuwa, Bello. Da yana raye yanzu da sha biyar gare shi daidai. Mai unguwa ya san an haife shi. Kai dai ka je kotu ka rantse wanga shi ne Bello, shi ke nan."

Baba ya sunkuyar da kai. Shi kuwa sai ya ɗauka tunani yake yi, ya ƙara da cewa, "Ai abin ma ya zo da sauƙi. Kabarin yana ƙarƙashin ruwa, wa zai je ya duba?" Ya yi dariya, Yaya. Ka ji ta, na ji ta, Inna ta ji ta.

Ludayin ya faɗi daga hannun Inna. Baba ya ɗago kai a hankali ya ce, "Bawan Allah, tashi ka fita mini gida. Furar da ka sha na yafe maka." Bai ɗaga murya ba. Da motar ta tafi, Inna ta shiga zauren da ba ta saba shiga da rana ba, ta ɗauki ƙwaryar da bakin mayafinta don kada hannunta ya taɓa, ta kai bayan gida ta fasa ta da dutse.

Na zaci maganar ta mutu a nan. Amma da safe na ji ka a ƙofar ɗakin Baba kana cewa, "Baba, kowa haka shika yi. Ruwa ya ci gona, diyya ba ta kai ko'ina ba, ni mi zan zama a garin nan?" Baba ya ce, "Ka zama abin da Allah Ya yi ka. Ni ba ni dafa Alƙur'ani in ce mamaci na da rai." Ka ce Bello ba zai ji komai ba. Baba ya ce, "Uwatai za ta ji."

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, ka ce za ka kai shinkafa. Ka ɗauki takalman ƙwallonka a cikin buhu. Na gani, na zaci wasa za ka tsaya yi a can. Ka ce in ajiye maka tuwo.

Ɗan'ige ne ya gaya mana sauran daga baya, shi da aka koro shi tun tuni ya koma tuƙin tifarsa. Ya ce a bakin kotu akwai tsofaffi da ke zaune a inuwa, aikinsu ke nan, su zama uban duk wanda ke neman uba. Wani cikinsu mai jan haƙora da goro shi ya tsaya a matsayin Baba, ya ɗaga hannu ya rantse cewa shi ya haife ka, sunanka Bello. Ɗan'ige yana faɗa yana murmushi, kamar yana ba da labarin wayon kasuwa.

Bayan 'yan makonni rediyo ya karanta sunayen yaran da aka kira sansanin ƙasa. A ciki aka ce Bello, daga Maradun. Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Samari da ganguna, yara na ihu, har wasu masu manyan riguna daga cikin gari, waɗanda ba mu ga ƙeyarsu ba lokacin da ruwa ya tashe mu, suka zo da mota wai sun zo taya Malam murna, ɗansa ya fito da sunan yankin. Sun san kai ne. Duk wanda ke wurin ya san kai ne. Suna ta kiran Bello, Bello, suna ƙyafta wa juna ido.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kunnenta ya yi nauyi, ita kaɗai ce ba ta gane ba. Ta shigo tsakar gida da sandarta ta kama hannun Inna ta ce, "Ashe Bello na nan? To wa muka yi wa wanka?" Inna ta zame hannunta, ta nufi makwararar ruwa, ta durƙusa ta yi ta amai har ba abin da ya rage. Ni na riƙe mata goshi. A waje ana ta kiɗa.

Baba ya rufe zaure ranar, bai ba da karatu ba. Ban taɓa ganin ya yi haka ba ko ranar da aka kwashe mu.

Daga nan sai shiru. Da aka tafi gasar ba a ambaci sunan ba, naka ko na Bello. Masu manyan riguna ba su dawo tambaya ba. Koci kuwa muka ji yana can yana zagaya wasu ƙauyuka a motarsa. Shekaru suka shuɗe kafin wani direban babbar mota ɗan Bakura ya zo ya ce ya gan ka a Ikko, a wata tashar lodin kaya, kana ɗingishi. Mutanen wurin suka gaya masa gwiwarka ce ta goce a sansani, aka sallame ka tun kafin ta warke. Ya ce Bello suke kiranka. Ya matsa kusa ya ce, "Lawali ɗan Malam?" Ka dube shi ido cikin ido ka ce ba kai ba ne, ka juya. Labarinka na ƙarshe da ya iso mana ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai shekaru masu yawa. Na ji ƙyamar abin da ka yi har na hana a ambace ka a ɗakina. Amma da na girma na haifi nawa, sai na ga fushin ya koma inda ya fi dacewa. Kai ka je musu da gaskiya tun farko, suka kore ka da ita. Manya ne suka zauna suka tsara cewa yaro ba zai yi wasan yara ba sai ya zama ƙato, kuma ƙato ba zai shiga ba sai ya yi ƙarya, sannan suka tara mu muna tafi.

Ban ce duk yaron da ya taɓa ɗaga kofin nan ƙarya ya yi ba. Ban ga haihuwarsu ba, ba zan ɗauki alhakinsu ba, kuma na tabbata akwai waɗanda guminsu halal ne. Abin da na gani da idona shi nake faɗa. Amma duk lokacin da aka sake ciyo kofin, motoci na ta oda a titin Mafara, ni tambayar da nake yi ita ce, ina 'yan sha biyar na gaske da aka ce su je su ci tuwo? Kuma waɗannan gwanaye da suka fi yaran duniya, me ya sa in lokacin wasan manya ya zo sai a nemi da yawansu a rasa? Mazan rediyon nan ba su yi wannan tambayar ba. Ɗayansu ma cewa ya yi tun da aka kawo na'urar da ke duba ƙashin hannu ta faɗi shekarun yaro, abubuwa suka yi mana wuya. Da takaici ya faɗa, Yaya, kamar na'urar ce ta yi mana laifi.

Baba ya rasu bai ƙara ambaton maganar ba, sai dai duk bayan salla yana yi wa 'ya'yansa addu'a ba tare da ya cire kowa ba. Inna ta daɗe bayansa, a wurina ta ƙarasa. Ka san kai ɗan fari ne, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunanka ba tun da ta haife ka, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. A ciwonta na ƙarshe, ina shafa mata mai a ƙafa da rana, sai ta ce, "Balki, in Lawali ya dawo..." Ta faɗe shi ƙarara. Na tsaya cak, don ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ce, "In ya dawo kada a tambaye shi komi. A ba shi ruwa ya sha. Ki ce mai na yafe, shi ma ƙaramin na san ya yafe." Na riƙe wannan saƙo ban san inda zan kai shi ba. Yau na sauke.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban iya yin shiru ba. Ina da auta, Kabiru, shekararsa sha bakwai. Ba ka san shi ba, amma shi ya san ka, don tsofaffin Maradun in sun gan shi a fili sai su ce ƙafar kawunsa ce ta dawo. Watan jiya wani mutum mai ƙaton agogo ya tare shi bayan wasa a Ruwan Gizo, ya ce zai kai shi makarantar ƙwallo a Kudu, daga nan sai sansanin ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne ya koma ɗan sha huɗu. Ya ce yanzu ba a buƙatar tsoho a bakin kotu, a waya ake gyara komai, kuma na'urar ma akwai yadda ake yi da ita.

Na ce a'a. Mahaifinsa ya ce a'a. Tun ranar yaron nan ba ya cin abincin kirki, ba ya haɗa ido da ni. Na ba shi labarinka tun daga farko, ya saurara, sannan ya ce, "Inna, wancan zamanin da ne. Kuma ke ba ki san ƙwallo ba." Gaskiya ya faɗa, ban san ta ba. Jiya na ga ya wanke takalmansa ya shanya, ba ranar wasa ba.

Kai ka san ta, Yaya. Kai kaɗai ne a zuriyarmu za ka zauna da shi ka yi masa maganar da zai ji. Ba na neman ka ba kowa haƙuri, ba na neman ka zo da komai a hannu. Ka zo da gwiwar nan taka yadda take, ka naɗe wando ka nuna masa. In kana jin nauyin shiga Maradun, ka sauka a tashar Mafara ka tambayi gidan Malama Balki mai koyar da matan aure, ko yaro zai kawo ka. In zuwan ba zai yiwu ba, ka nemi wanda zai haɗa mu a waya. Wanda kuma ya karanta wannan ya san wani dattijo ɗan ƙasar Zamfara mai ɗingishi da ƙafar hagu a tashoshin Ikko, don Allah ya karanta masa.

Allah Ya sa kana raye cikin rufin asiri. In kuma ka riga mu, Allah Ya sa waɗanda suka sallace ka sun yi maka addu'ar da ta isa gare ka, Ya gafarta maka, Ya haɗa ka da Inna da Baba da ƙaraminmu a gidan da ba a kunyata kowa. Allah Ya shirya mana Kabiru, Ya tsare 'ya'yan mutane daga hannun masu cinikin shekarunsu. Amin.

Ka yi sauri, Yaya. Mutumin nan mai agogo ya ce zai dawo kafin girbin shinkafa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Balki.